Rantsuwar Adda

Har na yi gemu ban taɓa jin sunana a bakin uwata ba. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa Bafulatanar Banyo ce ta ƙasar Kamaru, irin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari kamar salla ta shida. In tana so in ci abinci ba za ta ce in zo in ci ba. Sai ta ajiye kwano a bakin ƙofa, ta dubi kajin da ke kiwo a tsakar gida, ta ce, "Mai jin yunwa dai ga tuwo nan yana hucewa." In zazzaɓi ya kwantar da ni, ƙanwata take turowa da jiƙo, ita kuma ta laɓe a bayan zana tana tambaya ko wancan ya shanye. Wancan shi ne sunana a wurinta. Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba. Adda nake ce mata, wato yaya da Fulatanci, yadda na ji ƙannenta suna kiranta, don tun da aka yaye ni aka kai ni gidan Kawu, babban wanta, na tashi a can cikin 'ya'yansa.

Ƙanwata kuwa, autar ɗakinmu, sunanta ba ya hutawa. Da sassafe a kira shi, da hantsi a kira shi, in allura ta ɓace a kira shi, wani lokaci ma a kira shi ba dalili, ta zo a guje a ce mata, "Ba komai, je ki." Nakan zauna ina ji, in ce a raina yarinyar nan ta cinye rabonta ta haɗa da nawa. Ban taɓa zargin Adda ba ta ƙaunata ba. Duk wanda ya ga tsokar da ake nutsarwa a ƙasan miyata ya san akwai magana. Amma tsoka daban, kira daban, kuma na daɗe ina ƙishin kiran nan ban gaya wa kowa ba.

Wannan kunyar ce ta mayar da ni ɗan Kawu a takarda. Labarin sananne ne a danginmu, da shi ma Kawu yake ba mutane dariya duk ranar salla. Bayan an yi suna, aka ce dole a je ofishin magajin gari a yanko wa jariri takardar haihuwa. Babana ya riga ya koma fataucin shanunsa, sai Kawu ya raka Adda. Akawun ofishin, wani mutumin kudancin Kamaru da bai san kanmu ba, ya tambayi sunan yaro, Kawu ya faɗa. Ya juya wajen Adda ya ce, "Sunan uban fa?" To, matar da ba ta faɗin sunan mijinta ko tana ɗaka ita kaɗai, ita za ta faɗe shi a gaban wanta da baƙon namiji? Ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Akawu ya jira har ya gaji, ya dubi namijin da ke tsaye kusa da ita ya ce, "Kai, yaya sunanka?" Kawu ya ɗauka sunan ɗan rakiya ake nema, ya faɗa da ƙarfinsa. Aka rubuta, aka buga hatimi, suka dawo gida suna murna an sallame su da wuri. Babu mai karanta Faransanci a cikinsu, sai da na shiga makaranta malam ya kira ni da sunan Kawu a gurbin uba, sannan aka gane abin da ya faru.

Da Baba ya ji, murmushi kawai ya yi ya ce, "Ai kawunsa ma uba ne." Shi ma fa ni ne ɗan farinsa. In ya tashi ya je ofis yana cewa a mayar masa da ɗansa, da wane ido zai dubi surukinsa? Haka aka bar zancen. Adda kuwa duk ranar da Kawu ya ɗauko labarin, sai ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta. Na gama firamare, na gama sakandare, na yi kwas ɗin malanta, kowace takarda tana ɗauke da sunan Kawu.

Baba asalinsa mutumin Jalingo ne. Fatauci ya kai shi Banyo yana saurayi, aure ya zaunar da shi. Da ciwon ajali ya kama shi, ya bar wasiyya a mayar da iyalinsa gida wajen wansa. Bayan Adda ta fita takaba, Bappa, wato wan nasa, ya zo da kansa ya kwashe mu. Lokacin ba a daɗe da yanke jihar Taraba daga Gongola ba. Muka biyo ta kan tsaunin Mambila a bayan a-kori-kura, muna tafiya gajimare yana ƙasa da mu, motar tana kwana a bakin rami kamar za ta zubar da mu. Ni na buɗe ido ina kallon ikon Allah, Adda kuwa ta rufe fuska tana salati, ba ta buɗe ba sai da muka sauka Sarti.

Jalingo ta ba ni mamaki. Garin da Baba yake ba mu labari, na 'yan unguwanni da kowa ya san kowa, mun tarar ya wayi gari babban birnin jiha. Shagunan haya an kafa musu allo an ce ma'aikatu ne. Ma'aikatan da aka turo daga Yola suna yawo da katifa a bayan mashin suna neman ɗaki. A kasuwa ka ji Fulatanci, ka juya ka ji Mumuye, ka matsa gaba ka ji Jukun, Hausa tana tsakiya kowa yana janta yadda ya iya. Na ga doyar Mumuye da sai da hannu biyu ake ɗaga ta, na tsaya ina kallo har mai ita ta tambaye ni ko saye zan yi ko gaisuwa na zo. Muka sauka gidan Bappa a unguwar Majidaɗi. Aka ba Adda da ƙanwata ɗaki a ciki, ni aka ba ni shagon ƙofar gida, na ci gaba da zama wancan a sabuwar ƙasa.

Ba a jima ba rediyo ta sanar ana neman malaman Faransanci a makarantun sakandare. Bappa ya ce nema ya samu. Ya kai ni wajen mai unguwa, wani tsoho da suka yi wanka a rafin Mayo Gwoi tare da Baba suna yara. Tsohon ya dube ni sama da ƙasa ya ce ba ya bukatar shaida, goshin nan ya san mai shi. Da sa hannunsa ƙaramar hukuma ta ba ni takardar shaidar cewa ni ɗan asalin Jalingo ne, kuma da sunan Baba aka rubuta ta. Ranar ce farkon ganina da sunana da nasa a jere a layi ɗaya. Na tsaya a bakin titi ina maimaita karantawa, 'yan acaɓa suna yi mini hon.

Murnar ba ta yi nisa ba. A ma'aikatar ilimi wata mata mai kula da ɗaukar malamai ta shimfiɗa takarduna a tebur, na Kamaru a hagu, ta Jalingo a dama, ta ce, "Malam, mutum biyu ne suka zo neman aiki ɗaya. Wanne ne kai a ciki?" Na ba ta labarin Kawu da akawu. Ta yi dariya har da share hawaye, sannan ta gyara zama ta gaya mini gaskiya. Sai na je kotu na yi rantsuwa cewa na ajiye tsohon sunan na ɗauki na ubana, a buga a jarida. Kuma tunda kuskuren daga takardar haihuwa ya taso, sai wani babba da ya ga haihuwata ya je shi ma ya rantse, ya faɗi wanda ya haife ni da lokacin da aka haife ni. Ta ce in gama kafin a dawo daga dogon hutu, in ba haka ba gurbin ya zama na wani.

Na ɗauka abin mai sauƙi ne, ai ga Bappa. Na same shi a zaure bayan la'asar yana gyara ƙotar fartanya. Ya saurare ni har na gama, ya ajiye fartanyar ya ce, "Ɗana ne kai duniya da lahira. Amma ran da aka haife ka ina nan ina noman gyaɗa a hanyar Sunkani. In dafa Alƙur'ani in ce na gani? Ka roƙi wani abin, ko gonar ce, amma ban da wannan." Na ji haushi, na kuma san ba shi da laifi. Mutum ne da ko farashin akuya ba ya ƙarawa.

Na je kotun da kaina in ga yadda ake yi. A ƙofarta akwai wani babban mangwaro, ƙarƙashinsa masu tafireta sun jera tebura suna buga wa mutane takardun rantsuwa. Na gaya wa ɗayansu matsalata. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Wannan ai ba matsala ba ne. Ga tsofaffi can a benci, zaɓi wanda kuka yi kama, yanzu zai zama baffanka." Na duba, na ga dattawa a zaune da farin gemu suna cin goro, suna jiran wanda zai zo su zama danginsa. Ɗaya har ya fara yi mini murmushin zumunci. Na ce wa mai tafireta ya buga takardun dai, amma ya bar mini zancen tsoho. Na yi shekara ashirin da wani abu da uban aro, ban zo garin ubana don in ƙara aro ba.

Kawu ya tsufa, damina kuma ta cinye hanyar Mambila, ba zai iya zuwa ba. Ungozomar da ta yanke mini cibiya ta daɗe da rasuwa. A duk faɗin Najeriya mutum ɗaya ne ya rage da ya ga haihuwata, kuma shi ne wanda ba ya iya faɗin sunana balle na ubana.

Yadda zan gaya mata ma aiki ne, don ni da Adda ba ma zama mu yi zance. Sai na samu lokacin da take tsince shinkafa a tsakar gida, na zauna a bayan zanar da ta raba ciki da waje, na kira ƙanwata na shiga yi mata bayani da murya sama, kamar ita ce kurma. Na faɗi zancen aiki, na faɗi zancen kotu, na faɗi abin da Bappa ya ce. Na ce za a tambayi mai rantsuwa sunan yaro da sunan ubansa a gaban hukuma. Ƙanwata tana tsaye tana kallona tana danne dariya, don ta san ba da ita nake ba. Ƙarar shinkafa a faifai ta tsaya. Can aka ce daga ciki, "Ki ce wa wancan an ji."

Daga nan ba a sake cewa uffan ba. Kwanaki suna wucewa, tuwo yana zuwa bakin ƙofa, kaji suna samun saƙonsu, zancen kotu kuwa kamar an shuka dusa. Hutu yana ƙarewa. Na fara bin Bappa gona da safe don in saba, tunda na ga alamar fartanya ce za ta zama allina. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don aikin kaɗai ba. Ina ganin in ba ta faɗa yanzu da hukuma ta nema ba, to ba za ta taɓa faɗa ba, zan shiga kabari ban ji yadda sunana yake a muryarta ba. Wani lokaci kuma in ji tausayinta ya kama ni, don na san abin da nake nema a wurinta daidai yake da a ce ta fita kasuwa ba mayafi.

Wata Litinin da safe ina ɗaura wandon gona, ƙanwata ta leƙo ta ce, "Adda ta ce a samo tasi, ita ba ta hawa acaɓa." Na ce tasi zuwa ina? Ta ce, "Kai ma ka sani." Kafin in canza kaya Adda ta fito. Ta ɗaura baƙin zanen saƙi da ban sake gani a jikinta ba tun rasuwar Baba, ta yafa farin mayafi, hannunta da sauran damshin alwala. Ba ta dube ni ba. Ta wuce ta gabana ta tsaya a ƙofar gida tana kallon hanya, kamar mai jiran wani daban. Bappa ya sa babbar riga ya ce zai raka mu. Da tasi ta zo ya shiga gaba, ni da ita a baya, kowa ya manne da tasa ƙofar.

Ofishin mai ba da rantsuwa ɗan ƙarami ne, fanka tana juyawa a sama tana kuka. A kan tebur akwai littattafai biyu, Baibul da Alƙur'ani, Alƙur'anin a naɗe cikin kyalle mai tsabta. Muna isa ƙofa Bappa ya tsaya, ya ce ya tuna akwai wanda zai gaisar a ƙarƙashin mangwaro. Ba wanda zai gaisar. Ya san Adda ba za ta iya buɗe baki a gaban wan mijinta ba, shi ya sa ya ba ta wuri.

Jami'in wani ƙaton Mumuye ne mai tabarau, Kirista, mai fara'a. Hausarsa irin ta Jalingo ce, ba ruwanta da mace ko namiji, ta dai kai saƙo. Ya fara da ni. Na ɗauko Alƙur'ani da kaina don shi ba ya taɓawa, nuni yake da biro ya ce mai alwala ya ɗauka. Na rantse na ajiye sunan Kawu na ɗauki na Baba, na sa hannu. Na yi zaton zan ji wani abu, amma ban ji komai ba, hankalina duk yana kan matar da ke zaune a gefen benci ta dunƙule cikin mayafi.

Ya karanta takarda ta biyu, ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "Yaron farko ne?" Na ce e. Ya gyaɗa kai ya cire tabarau. "Mama, sannu. Ni ya san al'adan ku. Maƙwabci na Fulani ne, matan shi har yau bai kira yaron shi na farko ba, yaron ma ya yi aure. Kada ka damu. Ni zan karanta duka, suna da komai, kai ka ce e kawai, ka dangwala hannu, shi ke nan."

Na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina, na sauƙi da na rashi a haɗe. Ga aiki ya samu, ga Adda ta tsira da kunyarta, ni kuma na rasa abin da na zo nema ban faɗa wa kowa ba. Na ce a raina Allah ya saka wa mutumin nan da alheri, haka ma ya yi.

Sai na ga Adda ta miƙe. Ta je ta ɗauki Alƙur'anin da hannu biyu ta rungume shi. Ta yi magana da Fulatanci, jami'in kuwa yana ji, don a Jalingo ba a rasa jin Fulatanci. Ta ce, "Wancan karon ma wani ne ya yi magana, ni na sunkuyar da kai. Abin da ya kawo mu nan ke nan. Yau bakina ne zai faɗa." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma ka ce wa wancan ya juya baya."

Jami'in ya dube ni ya ce, "Ka ji." Na juya na fuskanci bango. Akwai kalanda a rataye, da wani gidan zanzaro a kusurwa, har yau ina iya zana su.

Ta fara a hankali. Ta ce an haife shi da damina, ranar Alhamis bayan la'asar, ana ruwa, masara ta yi goyo. Ta ce a ɗakin uwarta ne, kuma bai yi kuka da wuri ba sai da aka yayyafa masa ruwan sanyi. Ta ce ubansa yana Gembu da shanu aka aika masa, ya taho a ƙasa don mota ba ta wucewa, ya iso ana gobe suna ƙafafunsa a kumbure. Ta ce shi ya zaɓi sunan, bai yi shawara da kowa ba, ya raɗa masa a kunnen dama, ya ba shi karsana ja mai farin goshi. Jami'in bai tambaye ta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, takardar ma ba ta da gurbinsu, amma bai katse ta ba. Matar da nake gani kamar ba ta san ranar da na zo duniya ba, ashe ba abin da ya zube mata. Shekara da shekaru tana ɗauke da ranar nan cur, ba ta taɓa buɗe wa kowa ba, sai yau a gaban baƙo da fanka mai kuka.

Jami'in ya ce a hankali, "Sunan baban shi fa, Mama?"

Ta faɗa. Ta faɗi sunan Baba, ta haɗa da na mahaifinsa, ta ce mutumin Jalingo. Ta faɗe shi a tsanake kamar mai sauke ƙwaryar nono daga ka. Tun da aka ɗaura musu aure har aka binne shi bai taɓa jin wannan a bakinta ba, ni ne na ji a madadinsa ina kallon bango. Ba zan rubuta sunan a nan ba, ba kuma zan rubuta nawa ba. Ni ma ɗan uwata ne, na gaji wani abu.

"Sunan yaron?"

Shirun ya yi tsawo har na ji ƙarar tafiretocin waje. Na ce shi ke nan, a nan za ta tsaya, kuma wallahi na yafe mata. Sai ta faɗa. Ba faɗa ta yi irin ta mai ba da shaida ba. Kira ta yi, ta ja ƙarshensa yadda uwa take yi in ɗanta ya yi nisa da gida magariba ta gabato, yadda na ji tana yi wa ƙanwata tun tana rarrafe. Ban san tana da wannan muryar a ajiye domina ba.

Ban yi shawara da kaina ba. Bakina ne kawai ya buɗe, ina fuskantar bango, ƙato da ni da gemu, na ce, "Na'am, Adda."

Na ji kunya ta rufe ni, na ji hawaye yana bin gemuna, na kasa juyowa na kasa sharewa. Ban taɓa jin girman wani abu ya danne ni kamar na wannan lokacin ba, ko a kan tsaunin Mambila da gajimare yake ƙasa da mu. Can jami'in ya yi gyaran murya, na ji yana fyace hanci, ya ce, "To. Mama ya kira, yaro ya amsa. Ni ban taɓa ganin shaida da ya cika kamar wannan ba." Ya miƙo mata tawada ta dangwala babban yatsa, ya buga hatimi da ƙarfi har tebur ya girgiza.

Da na juyo, ta riga ta mayar da Alƙur'ani wurinsa, ta ja mayafi har kan hanci. Ta fita ta gabana ba ta dube ni ba. Bappa ya taso daga ƙarƙashin mangwaro, ya dubi idanuna, ya dubi nata, sai ya shiga faɗa da mai tasi a kan ya ajiye mota cikin rana.

Sauran abin ya bi hanyarsa. Aka buga sanarwar a jarida cikin wani ɗan akwati da bai kai tafin hannu ba, Bappa ya sa aka karanta masa ya ninke ya ajiye. Na kai takardu ma'aikata, matar nan ta ce yanzu mutum ɗaya take gani. Na koyar da Faransanci har na yi ritaya, ɗalibai da iyayensu suna kirana da sunan Baba, wasu ma ba su san ina da wani sunan ba. Na rubuta wa Kawu na gaya masa, ya aiko a ce mini ya sauke kayan da ya ɗauka bisa kuskure, amma labarin salla ba zai daina ba da shi ba. Adda kuwa ba ta sake kirana ba har ta koma ga Allah. Na koma wancan tun a ranar, kuma ban ƙara jin ƙishin komai ba.

Abin da na fi tunawa shi ne komawarmu gida a cikin tasin nan. Hadari ya haɗo ta bayan duwatsu, mai tasi yana sauri, Bappa yana gaba yana jan carbi. Ni da ita muna baya, kowa ya manne da tasa ƙofar kamar yadda muka zo. Haka muka shigo Majidaɗi. Muna dab da kwanar gidanmu sai na ji ta yi ajiyar zuciya. Ba ta juyo ba, gilashin taga take kallo, da shi kuma ta yi maganar, tunda babu kaji a kusa.

Ta ce, "Haka ubansa yake amsawa in an kira shi."